Na soke oda, sun maido min da kuɗina, sai kuma ga fanka a falo

Sunan kantin dai ba zan kama ba, irin kantunan nan ne na intanet da ake shiga ta manhaja a waya, 'yan kasuwa daban-daban su baza hajarsu a ciki, kai kuma ka zaɓa ka biya a kawo maka har ƙofar gida. Na fi shekara uku ina sayayya a wajensu, caja, takalman yara, agogon bango, ban taɓa samun wata matsala ta a zo a gani ba sai wannan karon, inda aka wayi gari kuɗi na hannuna kaya ma na hannuna, kuma wai ni ne nake bin su ina magiya su zo su ɗauki abinsu.

Fanka ce mai caji, inci 18, mai rimot da 'yar fitila a jiki, na yi odarta ana saura sati biyu azumi saboda duk wanda ya san zafin Kano a watan Maris ya san in aka ɗauke wuta da tsakar dare yara ba barci sai juyi da kuka. Da kuɗin kawowa da komai naira 74,000 na biya nan take da kati. Suka rubuta min kwana 5 zuwa 7. Kwana bakwai ya cika shiru, kwana goma shiru, kullum in na duba manhajar magana ɗaya ce, wai kaya suna hanya, sai kace a kan jaki aka ɗoro su daga Legas. Ranar kwana na sha ɗaya raina ya gama ɓaci na danna sokewa, saƙo ya shigo ta imel cewa an soke, da yamma na wuce Sabon Gari na sayi wata, aka jona ta a gabana na ga tana juyawa kafin in miƙa ko sisi.

Nan kam dole in yaba musu, kwana huɗu tsakani sai ga alat, 74,000 cif, har kuɗin kawowar ba su cire ba, kuma kai tsaye cikin akawun ɗina na banki ba wai su zuba maka a wata jaka ta cikin manhajarsu su tilasta maka sake sayayya a wajensu ba. Nace to ai magana ta ƙare.

Bayan kamar sati guda ina wajen aiki waya na aljihu a kashe ƙara, na fito na tarar da kira uku na baƙuwar lamba, ban bi ta kai ba. Ina shiga gida bayan la'asar sai na ci karo da ƙaton kwali a falo an naɗe shi da salatif. Nace wannan fa? Uwargida tace "ai saƙonka ne aka kawo, yaron yace an riga an biya, hannu kawai na sa masa." Ita a tunaninta na sayo ta biyu ne saboda Hajiyarmu, kuma abin da ya ƙara rikita lamarin, har ta buga wa Hajiya waya ta yi mata albishir, tsohuwa ta gama sa min albarka tun ban dawo ba.

Ƙanina da ke karatu a BUK yana gidan a ranar, shi kam dariya ya kama yi, yace Yaya wannan ai shi ne tsuntsu daga sama gasasshe, kai ka ce su kawo? Ka soke, sun yarda, sun biya ka, sakacinsu ne. Har da kawo min hujja wai a Amurka doka ce in kamfani ya aiko maka da kaya ba ka nema ba to kyauta ce ka riƙe abinka. Maganar tasa akwai ƙanshin gaskiya, dokar tana nan, amma an yi ta ne don maganin masu tura wa mutane kayan da ba su taɓa nema ba sannan su biyo su da takardar bashi, ni kuwa da hannuna na yi odar nan, kuskure ne kawai aka samu tsakanin mai sokewa da mai lodi, balle ma mu a Kano muke ba Amurka ba.

Amma fa kar in yi muku ƙarya, kwana biyu cur ban kira kowa ba. Kwalin yana jingine bayan kujera ina wucewa ina kallonsa ina lissafi, yo su da suka ɓata min kwana goma sha ɗaya wa ya biya ni, kamfani mai juya biliyoyi ina zai ji fanka ɗaya a jikinsa, kuma ga Hajiya na jira. Zuciya in tana son abu ai lauya ce.

Abin da ya fara sanyaya min jiki takardar da ke manne a jikin kwalin ce. Da na duƙa na karanta da kyau sai na ga wajen mai aikowa ba sunan kamfanin ba ne, sunan wani shago ne a kasuwar Alaba ta Legas, har da lambar waya. Wato fankar ba ta kamfani ba ce, ta wani ɗan kasuwa ce da ya saka jarinsa, su dillalai ne kawai masu karɓar kuɗi su riƙe sai kaya ya isa su cire lada su ba shi ragowar. Tunda odar a soke take ba za a tura masa ko kwabo ba, kaya kuma ba su koma masa ba, in ma ba shi aka bari da asarar ba to yaron nan mai babur da ya sha rana ya kawo za a zaftare wa albashi. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi kenan, ni kuma in zama gardin.

Washegari bayan asuba na tare limamin masallacin layinmu, nace Allah gafarta Malam ga abin da ya faru, shin wannan hukuncin tsintuwa gare shi? Dama ni so nake ya ce eh, in yi cigiya ta je-ka-na-yi-ka in wuce wajen. Yace a'a, tsintuwa ita ce wadda ba ka san mai ita ba, ita ake cigiya shekara guda, wannan kuwa ga sunan mai ita a rubuce ga lambarsa, ciniki ya warware tun ranar da kuɗinka ya dawo, don haka amana ce a hannunka, ya jawo min aya ta 58 a Suratun Nisa'i mai umarnin a mayar da amana ga masu ita. Nace to Malam su ma fa sun saɓa min alkawari, sai ya karanto hadisin nan da ke cewa ka mayar da amana ga wanda ya ba ka amana kada kuma ka ha'inci wanda ya ha'ince ka. Ya ƙara min da abu biyu da suka yi min amfani sosai, yace kar ka buɗe kar ka kunna, in ta lalace a ajiye ba da sakacinka ba babu ramuwa a kanka, amma kana fara amfani da ita ta hau wuyanka, sannan ba dole ne ka yi ta kashe kuɗinka wajen kai musu ba tunda ba kai ka yi kuskuren ba, naka shi ne ka sanar da su a fili ka ba su dama su ɗauka.

To nan fa aka zo wajen da ya sa nake wannan rubutun, domin wallahi ban taɓa sanin mayar wa mutum da kayansa zai fi karɓo bashi wuya ba. A manhajar, odar da aka soke ba ta da maɓallin mayarwa kwata-kwata, shafin a mace yake. Na shiga wajen hira da su, na'ura ce ke amsawa, duk yadda na juya maganar sai ta ce min an riga an maido da kuɗina shin akwai wani abu kuma. Na buga waya aka sa min kiɗa minti goma sha wani abu yana cin katina, wata ta ɗauka na zayyana mata tun daga farko, tace kuɗin bai shigo ba ne? Nace ya shigo. Tace kayan sun lalace ne? Nace ban ma buɗe ba. Ta yi jim tace to yallaɓai mene ne matsalar? Na rasa dariya zan yi ko haushi zan ji. Ta ba ni lambar ƙorafi tace za a kira cikin awa 48, har yau da nake rubutun nan wannan kiran bai zo ba.

Na saɓa wa shawarar Malam da kaina, ranar Asabar na ɗora kwalin a adaidaita na kai ofishinsu da ake karɓar kaya, zuwa da dawowa 2,400 saboda sai da na biya kujerar kwali. Yarinyar da ke kan kwamfuta ta buga lambar odar tace "Alhaji wannan odar ai a rufe take, ba inda zan shigar da ita." Nace to karɓi kawai ki ajiye ki ba ni rasit, tace in ta karɓi kayan da ba ya cikin kwamfuta ya ɓata ita za a kama. Ban ga laifinta ba, gaskiyarta ce, laifin na wanda ya tsara musu aiki ne bai taɓa kawowa a ransa cewa wani zai dawo da kaya don Allah ba. Na kinkimo abina na dawo gida ina azumi, rana na dukana.

Na ma gwada wata dabara saboda Hajiya, nace to bari in saya kawai, ku faɗa min inda zan tura 74,000 ɗin ku rubuta an kawo. Wai babu wannan tsarin, sai dai in yi sabuwar oda, lokacin kuma farashi ya koma 81,500, kuma in na yi sabuwar odar wata fankar za a sake lodowa daga Legas, ta falon tana nan yadda take. Nace a'a ku rufa min asiri, fanka uku a gida ɗaya ai sai a ce shago na buɗe.

Daga nan na daina kira, na koma rubutu, kuma duk wanda irin wannan ta same shi da nan ya kamata ya fara. Na tura imel ɗauke da lambar oda, hoton saƙon sokewa, hoton alat ɗin banki, hoton kwalin ta kowane ɓangare da salatif ɗinsa ba a taɓa ba, nace ga kayanku a ajiye ku aiko a ɗauka da kuɗinku cikin kwana 14, ni ba zan sake hawa adaidaita ba. Dalilin ajiye hujjar shi ne lambar katinka tana wajensu, ba ka san ranar da wani zai zauna tantance lissafi ya ga an kai kaya an kuma maida kuɗi ba, ka ga sai a wayi gari an rufe maka akawun ko a kira ka da sunan macuci. Na kuma ambaci hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, wadda dokar 2018 ta kafa, Buhari ya sa mata hannu a farkon 2019, sashe na 120 na dokar ya ba mai saye damar soke odar da ya yi tun kafin a kawo, iyakar abin da mai sayarwa zai iya shi ne ya cire ɗan abin da ya dace na sokewar. Amma fa damar sokewa daban, mallakar kayan bayan ka karɓe kuɗinka daban, ko ƙanin nawa da na nuna masa bai sake tada zancen Amurka ba.

Abin da ya warware ƙullin a ƙarshe lambar nan ce ta jikin kwali. Na kira, wani bawan Allah ya ɗauka, muka yi ta fama da turancin buroka, da ya gane abin da nake nufi sai ya yi shiru sannan ya fara jero godiya, yace kusan wata guda ana ce masa kayan suna hanyar dawowa. Ya so in tura masa kuɗin kai tsaye in riƙe fankar, har da ragi, na ƙi, don in na biya shi a bayan fage a littafin kamfani har yanzu ni ne mai riƙe da kaya, gobe su zo su ce in kawo ba ni da bakin magana. Nace shi ya shigar da ƙorafi ta ɓangarensa na masu sayarwa, na tura masa hotunan. Abin haushi, ni da na yi sati uku ina magiya ba a kula ni ba, shi kwana biyu da shigar da nasa sai ga mai babur a ƙofar gida. Ban miƙa kwalin ba sai da saƙon ɗaukar kaya ya shigo wayata da lamba, na duba ta dace da wadda ke hannun yaron, na ɗauki hotonsa riƙe da kwalin da izininsa, saboda a irin wannan yanayi wani ma yana iya zuwa ya ce daga kamfani yake ya yi gaba da ita.

Hajiya kuwa albishir ba ya komawa ciki, ta Sabon Garin muka ɗauka muka kai mata, mu muka ƙarasa goman tsakiya da mafici kafin albashi ya shigo in sayi wata.

Tauraro biyu cikin biyar na ba su, ɗaya na maido da kuɗi a kan lokaci, ɗaya na yarinyar ofis da ta yi min magana da mutunci. Ƙananan kaya zan iya ci gaba da saye a wajensu amma sai an kawo in biya, babban kaya irin fanka ko firji kuwa ƙafata ƙafar kasuwa. Na nemi su biya ni 2,400 na adaidaita da abin da kiɗansu ya cinye min na kati, sai suka turo min takardar rangwame ta naira 2,000 da ba ta aiki sai ka yi sayayyar 25,000, kuma kwana bakwai ne wa'adinta, ranar da na tuna da ita na shiga na tarar ta mutu tun shekaranjiya.