Kwabon Janus da sestertius na sarakuna: ina bambancin?

Malam, ka tambaya me ya sa wani kuɗin tagulla na Rum yake da mutum mai fuska biyu, wani kuma kan sarki. Zamaninsu ne ba ɗaya ba.

Mai fuska biyun shi ne kwabon da ake kira as, na zamanin jamhuriya, wajen shekara ta 225 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Na farkonsu zubi aka yi musu, nauyin ɗaya ya kusa giram 300, ba abin sakawa a aljihu ba ne. Fuskar ta Janus ce, gunkin ƙofofi, yana duban gaba da baya. A bayansa goshin jirgin yaƙi, wanda masana da yawa ke dangantawa da galabar Rum a kan Kartej, birnin Arewacin Afirka, a teku. Hoton ma shi ke faɗa maka darajar kuɗin: gunkin Saturn da harafin S rabin as ne, Hakulis da ɗigo uku rubu'i. Ko ba ka iya karatu ba, ba a cuce ka a kasuwa. Kuma babu fuskar wani mai rai a jiki, don Rumawan lokacin ba sa son jin ko sunan sarki.

Sestertius kuwa, wato mai kan sarkin, bayan gyaran Sarki Agustus wajen shekara ta 23 kafin Miladiyya, bugu ake yi masa da tagulla mai launin zinariya, yana daidai da as huɗu. Faɗinsa ya ba masu sassaƙa fili, sarakuna suka mai da bayansa allon shela. Nero ya sa tashar jiragen Ostiya, ga jirage jere cikin da'ira. Sarki Basfasiyan a shekara ta 71 Miladiyya ya sa bishiyar dabino, mace zaune ƙarƙashinta ta yi tagumi: ƙasar Yahudiya ce aka ci da yaƙi. Haruffan SC da ke gefe na cewa da yardar majalisar dattawa, ko da yake kowa ya san mai faɗa a ji.

Ni na fi ƙaunar na sarakunan, don kowane yana ɗauke da labarin shekararsa, na jamhuriya kuwa hoto ɗaya ya yi ta maimaitawa fiye da ƙarni. Idan kuma ka ga kwabon tagulla mai kan sarki da kambi mai tsinin hasken rana, wannan dupondius ne, as biyu. Daga zamanin Nero aka fara bambanta shi haka.