Gwajin CA 15-3 a wani ɗakin awon jini na Sabon Gari

A watan Oktoba, lokacin da ake gangamin wayar da kai kan sankarar mama, na raka yayata wani ɗakin awon jini mai zaman kansa a Sabon Garin Zariya, saboda ɗan kullutu kamar ƙwayar gurjiya da ta shafo a mamanta na hagu. Allon ƙofarsu ne ya ja mu, domin an rubuta cewa suna gano sankarar mama ta hanyar jini.

Ta fuskar tsafta da cika alkawari sun cancanci yabo. Matashiyar da ta ɗebi jinin ta ɓare sabuwar allura a gabanmu, ta rubuta suna a jikin kwalbar, sannan ta ce, "Hajiya, ki danne audugar, jibi ki dawo." Jibin kuwa takarda ta fito, awon, wanda ake kira CA 15-3, ya nuna 14, alhali iyakar da aka saba ɗauka ita ce 30 a kowace mililita. Mai miƙa takardar ya ce mata ta gode wa Allah, ba ta da komai.

A nan ne suka yi kuskure babba. CA 15-3 ɓurɓushi ne na wani furotin mai suna MUC1 da ke zuba cikin jini, kuma a farkon cutar yawanci ba ya hawa, don haka mace na iya ɗauke da sankara takardarta ta fito fes. Yana kuma iya hawa saboda ciwon hanta ba tare da wata sankara ba. Amfaninsa na ga wadda aka riga aka tabbatar tana da cutar, musamman idan ta bazu, domin likita ya bi sawun yadda magani ke aiki.

Da hankalinmu bai kwanta ba, muka nufi asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda likita ta duba ta, aka ɗauki hoton maman, sannan aka tsakuro ɗan nama da allura. Wannan naman ne ke bayyana gaskiya, kuma a jikinsa ake auna ER da PR da HER2, wato alamomin da ke nuna irin sankarar, don zaɓen magani.

Wadda likitanta ya rubuta mata CA 15-3 don bibiyar magani za ta ji daɗin aikin wannan ɗakin awo. Wadda ta shafo kullutu kuwa, ta adana kuɗinta don hawa motar zuwa asibitin Shika.