Zaren da na sayo daga Yamai ya yi laushi, amma rini biyu aka haɗo mini

Tun ranar da na ɗora hoton dunƙulen zaren nan a WhatsApp mata ke tambayata ko su ma su saya. Na ce su dakata in gama aikin tukuna. To, na kusa gamawa, ga kuma abin da na gani.

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a nan Tawa ta Nijar, saƙa kuma tun ina budurwa na koye ta a wurin gwaggona. Duk mai saƙa a garin nan ta san ba kowane wata ake riƙe ulu ba. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura 40, tafin hannu na jiƙewa da zufa, zare ya kame a jikin allura ya ƙi gaba ya ƙi baya, sai dai ƴan ƙananan abubuwa na zaren auduga da kwarashi. Hunturu ma, wanda don shi ake saƙar, ba ya da daɗin aiki: yatsu sun faskare, kaushi na kama zaren yana tsefe shi, ƙura kuma ba inda ba ta shiga. Lokacina damina ne. An rufe lakwal, ruwa ya sauka, gari ya yi luf. Daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba nake saƙa duk abin da za a sa a Disamba da Janairu, kuma a watannin nan ne kaɗai nake samun karanta littafin da ba na aji ba. Shi ya sa abubuwan biyu suke tafiya tare a wurina, allura a hannu, littafi a jingine da matashi.

Bana aikin ya fi na kullum nauyi a zuciyata. Ƙanwata ce za ta yi haihuwar fari a watan Nuwamba in Allah ya yarda, daidai shigowar sanyi, na kuma ɗauki alkawarin bargon goyo da hula da safa da ƴar riga. Abin da nake samu a kasuwarmu ranar Lahadi ya isa hulunan yara, amma ba na samun dunƙule da yawa masu kala ɗaya. Sai na nemi wata Hajiya da ke saida kayan saƙa a Yamai ta waya. Dunƙule 8 na ce, masu giram 100, shuɗi mai haske, irin ɗan Turkiyya. Kuɗin ma ba arha ba ne. Na tura mata saƙon murya har sau biyu, na ce: “Hajiya, don Allah ki duba lambar rini, duk takwas ɗin su zama ɗaya, bargo zan yi.” Ta ce: “Madam, kwantar da hankalinki, kwali ɗaya ne.” Na tura kuɗi da na mota. Washegari da yamma kaya ya iso tasha, ya biyo ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, tafiyar wajen kilomita 550, a naɗe cikin leda biyu, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. A nan kam ta kyauta, ban da abin cewa.

Zaren kansa ya burge ni. Hajiyar ta kira shi ulu, amma ba na tumaki ba ne. Na yanki ɗan guntu na kai bakin ashana: ulun gaske yana warin ƙonannen gashi, ya bar toka mai marmashewa, wutar ta mutu da kanta, wannan narkewa ya yi, ya dunƙule baƙi ƙirin da tauri. Akirilik ne, wato zaren roba, kamar yadda aka rubuta a takardar da ke jikinsa. Ban ji haushi ba, don ga kayan jariri da za a riƙa wankewa kullum shi ya fi. Ulun tumaki in ya sha ruwan zafi da cuɗa sai ya tsuke ya daskare. Na saƙa ɗan gwaji da allura lamba 4, ido 22 ya ba ni santimita 10 daidai, na wanke shi da sabulu sau uku na shanya. Bai zuba ba, bai miƙe ba, bai yi ƙurajen nan da zaren banza ke yi ba. Na goga shi a kumatuna, laushi kamar auduga.

Abin da ya fi min daɗi, ba ya rabewa. Wadda ba ta karatu tana saƙa ba za ta gane girman wannan ba. Akwai zaren da bakin allura ke shiga tsakiyarsa ya raba shi biyu, dole ido ya tsaya a kansa. Wannan kuwa murɗinsa ya kamu sosai, yatsu kaɗai sun isa. Na zuba ido 176 don faɗin santimita 80, na zaɓi saƙa mafi sauƙi, wadda gaba da baya duk iri ɗaya ake yi, na buɗe littafi. Littattafai uku na tanada wa hutun: labaran Hausa biyu na Kano da wata ƙawata ta kawo min daga Ƙonni, da littafin Farfesa Djibo Hamani na tarihin Adar, yankinmu na nan Tawa, wanda na ara na daɗe ina ɗaga karatunsa. Na farkon na cinye shi cikin kwana tara, bargo na tsawo a cinyata ban ko duba ba. Bayan isha'i nake zama, yara sun yi barci, in wuta ta ɗauke in kunna fitilar sola in ci gaba. Har na fara rubuta wa mata cewa su saya kawai.

Sai ranar wata Asabar cikin Agusta. An kwana ana ruwa, gari ya waye tas, na ce bari in shimfiɗa bargon a kan igiya in auna tsawonsa. A lokacin na gama dunƙule huɗu, sama da rabi ke nan. Ina ja da baya in kalle shi sai gabana ya faɗi. Layi ne a miƙe daga gefe zuwa gefe, kamar an ja da alli. Ƙasan shuɗi ne mai ɗan duhun toka, saman kuma ya karkata ga kore. Na ce ko inuwar bedi ce. Na ɗauke shi na kai tsakar gida inda rana ta fi. Layin na nan, ya ma fi fitowa. Maƙwabciyata da ta shigo aron turmi, ba ta taɓa riƙe allurar saƙa ba, tana gani ta ce: “Madam, ado ne kika yi masa a tsakiya?”

Na shiga ɗaki na zazzage kwandon, na tattaro takardun da na cire daga jikin dunƙulen. Kowace takarda na da lamba biyu, ta kala da ta rini, inda ake rubuta “lot” ko “bain”. Lambar kala duk ɗaya ce. Ta rini kuwa, biyar iri ɗaya, uku daban. Ranar da kayan ya iso na duba biyun da ke sama na ga sun dace, na yarda da maganar kwali ɗaya, ban tono na ƙasa ba. Wanda ya taɓa zuwa marina ya san abin da nake faɗa. Zane biyu ko da baba ɗaya aka tsoma su, in ba a rami ɗaya a rana ɗaya ba, da wuya su fito daidai. Haka masana'anta ke rina zare, tukunya-tukunya, shi ya sa suke buga lambar. A dunƙule ba a gane bambancin, a hasken fitila ma ba a gani. Sai an saƙa shi ya yi faɗi, rana ta haska.

Na kira Hajiyar. Na yi sallama, na gaishe ta yadda ya kamata, na tura hoton bargon da na takardun. Amsarta ce ta fi layin ciwo. Ta ce: “Haba Madam, shuɗi ai shuɗi ne. Jariri ya san kala?” Na ce Hajiya ba maganar jariri ba ce, abin da na roƙa tun farko ke nan, sau biyu, ga saƙon nan a wayarki. Ta ce yaron shago ne ya ɗaura, kwalin farko bai cika ba ya ƙarasa daga wani. Na ce to a musanya min ukun. Ta ce wancan rinin ya ƙare, kuma wanda aka riga aka saƙa ba ta karɓa, ɗayan da ban taɓa ba in ina so in aiko, kuɗin mota zuwa da dawowa a kaina. Kuɗin motar ya kusa kuɗin dunƙulen. Ko “yi haƙuri” ban ji daga bakinta ba. Da ta faɗi wannan kalma ɗaya, wallahi da ban rubuta rabin abin nan ba.

Kwana biyu bargon na ninke ban taɓa shi ba. Maigida ya ce in ƙarasa haka, ba wanda zai lura. Ni na san ranar suna mata za su ɗaga shi ɗaya bayan ɗaya, kuma ko ba su lura ba ni na gani. Na zare allura na fara warwarewa. Dunƙule biyu cur, aikin kusan mako uku, ya koma zare cikin awa biyu. Zaren da aka warware kuma a lanƙwashe yake fitowa kamar gashin da aka tsefe daga kitso, in aka saƙa shi haka idon ba ya daidaita. Sai da na naɗe shi a bayan kujera, na ɗaure, na tsoma a ruwan sanyi, na rataye a inuwa ya bushe. Cikin damshin Agusta kwana uku ya yi. Ban kai shi kusa da dutsen guga ba, don zafi na kashe akirilik, ya saki ya yi lagwaf, ba ya dawowa.

Karatun ma a nan ya tsaya. Ina tsakiyar labarin yadda Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya shigo Adar a ƙarni na 17, wuraren da ake ambata duk na san su, wasu ma na taɓa koyarwa kusa da su. Bayan abin nan na daina saƙar dare gaba ɗaya, na koma ta hantsi da la'asar, idona a kan zaren, ina tsoron kada wani abu ya sake ɓullowa. Lokacin da na ware wa littafi ya tafi a gyara. Ga lakwal za a koma a Oktoba, mai littafi na jiran kayansa, na Hausa na biyun ko buɗe shi ban yi ba.

Da na fara rubutun nan niyyata in ce zaren ba shi da laifi, mai shago ce kawai. Yanzu da nake juya takardun sai wasu abubuwa ke dawo min. Dunƙule na biyu ƙulli uku na samu a cikinsa, inda zare ya tsinke a masana'anta aka ɗaure. A lokacin daɗin laushi ya sa na yanke na haɗa ban ce komai ba, amma kowane ƙulli jela biyu ne da sai an ɓoye da allura, a bargon jariri kuwa ba a son ko ɗaya. Sannan nauyin. Da zargi ya shige ni na ɗora sauran a sikelin da nake auna kayan kek: ɗaya 94, ɗaya 92, babu wanda ya kai 100. Giram 6 ko 8 ba komai ba ne a dunƙule ɗaya, amma ni da biyar kaɗai suka rage min masu rini ɗaya, kowane taƙi na zare lissafi ne. Tsawon da na so mita ɗaya ne. Zare ya ƙare min a santimita 84. Don haka ba zan ce muku zaren ya cika ba. Laushi ya yi, wanki ya ɗauka, amma awo bai cika ba, kuma a wannan kuɗin bai kamata in riƙa yanke ƙulli ba.

Wadda za ta yi hula ko safa, dunƙule ɗaya ko biyu, ta saya, za ta ji daɗinsa. Wadda za ta yi bargo ko rigar babba, kada ta tura ko dala sai an jera mata dukkan dunƙulen an ɗauki hoton takardunsu, lambar rini a fili tana karantuwa. Ni dai a hannun Hajiyar nan na gama. In zan sake, sai in jira mai zuwa Yamai in ba shi takarda a hannu ya duba da idonsa.

Ukun masu karkata ga kore ban zubar ba. Na yi wa bargon baki da kwarashi da ɗaya daga ciki, yatsa uku kewaye, ya ƙara masa faɗi da tsawo, kuma da yake a gefe yake sai ya zauna kamar da gangan. Sauran biyun su ne hula da safa da rigar. Hannun rigar na hagu ya rage min, da maɓalli huɗu da zan nemo ranar Lahadi.