Katunan tarihin yaƙi da wariyar launin fata na 'yan firamare

Katunan nan da ake samu a shagunan littattafai na Sabon Gari, hoto ne a gaba, bayani a baya. Na Rosa Parks ya fi armashi: Disamba 1955 ta ƙi tashi ta bar wa farar fata kujerar bas a birnin Montgomery na Amurka, baƙaƙen fata suka ƙaurace wa motocin har kwana 381. Malam ya jera benci kamar bas, ya ware na baya a matsayin na baƙaƙen fata, nan take 'yan aji biyar za su gane.

Sai dai an tsallake Claudette Colvin, 'yar shekara 15 da ta riga Parks yin haka da wata tara, alhali a lokacin sa'ar yayyen ɗaliban ce. Takardar kuma ba ƙwari, gefenta saurin yagewa gare shi. A sa musu leda kafin a raba.