Mai launi ko baƙi da fari: wacce na'urar karatu ce za ta jure Sakkwato?

Malama Rabi, kin ce kina son sayen na'urar karanta littattafai saboda karatunki na digiri na biyu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma kin rasa wadda za ki ɗauka tsakanin sabuwar mai launi da tsohuwar mai baƙi da fari, alhali a unguwarku ta Mabera wuta takan yi kwana biyu ba a gan ta ba. Amsata ita ce ki ɗauki mai baƙi da fari, kuma ga dalilaina.

Fuskar waɗannan na'urori, wadda ake kira E Ink, ba ta cin wuta sai lokacin da aka juya shafi. Da zarar rubutu ya zauna, yana nan ko da batir ya mutu. Abin da ke shan caji shi ne fitilar da ke haska fuskar, da kuma Wi-Fi idan an bar shi a kunne. Saboda haka idan kamfanin Amazon ya ce na'urarsa mai baƙi da fari, Kindle Paperwhite ta 2024, tana kai mako 12 da caji ɗaya, ki duba sharaɗin da ya gindaya: karatun rabin awa a rana, Wi-Fi a kashe, fitila a rage. Idan kika lissafa, awa 42 ke nan, wanda ga ɗalibar da ke karatun awa biyar kullum bai kai kwana tara ba. Duk da haka ya isa, domin wayar hannu ba ta kai ko kusa.

Kindle Colorsoft mai launi kuwa, wadda ta fito a watan Oktoba na 2024 a kan kusan dala 280, mako 8 aka yi mata alkawari bisa wannan lissafi, wato awa 28. Launin ana samun sa ne ta hanyar shimfiɗa wani siririn mataci a kan fuskar baƙi da fari, kuma matacin yana tare haske, sai takardar ta yi duhu-duhu kamar wadda ta sha ƙurar hunturu. Mai karatu yakan ƙara fitila ko da rana tsaka, batir kuma ya biya kuɗin. Haka abin yake a na'urorin kamfanin Kobo, wato Libra Colour da Clara Colour na 2024, inda kaifin hoto mai launi yake rabin na baƙin rubutu, ɗigo 150 a inci maimakon 300. Mai baƙi da fari kuwa, a ƙarƙashin dogon yaro da hantsi, fitila a kashe take karantuwa tas.

Akwai kuma ladan gaggawa da masu rigen saye suke karɓa. Waɗanda suka fara sayen Colorsoft da yawa sun koka da wani layi mai ruwan ɗorawa a ƙasan fuskar, kamfanin ya amsa laifi ya yi musanya. To amma wanda ke Amurka ne musanya take yi wa sauƙi, ke da za a saƙo miki a jakar wani ɗan'uwa daga Dubai ko Ingila, wa za ki mayar wa? Wannan ba sabon abu ba ne. Kindle ta farko ta fito a Nuwamban 2007 a kan dala 399, ta ƙare a kasuwa cikin sa'o'i kaɗan, amma ba ta da Wi-Fi, da layin waya take saukar da littafi, kuma da kamfanonin sadarwa na Amurka suka rufe tsohon layin 3G a 2022 sai ta koma sai da kebul. Sony, wanda ya riga kowa fito da irin wannan na'ura a Japan a 2004, ya rufe shagon littattafansa na Amurka a 2014 ya miƙa abokan cinikinsa ga Kobo. Paperwhite kuwa tun 2012 ake gyara ta, an ga aibinta an kawar.

Abin da ya fi damuna a garinmu ma ba ɗauke wuta ba ne, zafi ne. Waɗannan na'urori an ƙera su su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu muna haura 40, kuma batirin lithiyam yana tsufa da wuri idan ya sha zafi. Ni da kaina na bar tawa a gaban mota wata Juma'a cikin bazara, na dawo daga masallaci na tarar ba ta taɓuwa, tun daga ranar cajin da ke kai ni mako uku ya koma kwana goma. Batirin a manne yake a ciki, sauya shi sai an ɓamɓare na'urar, don haka ki guji ta hannu wadda ba ki san shekarunta ba, ki kuma nemi mai ramin caji na USB-C, wanda Paperwhite ta samu tun 2021, domin cajar wayarki da fawa bank ɗinki su wadatar.

Sharaɗi ɗaya ne zai sauya shawarata. Idan yawancin abin da za ki karanta hotunan shafuka ne na PDF, irin littattafan Larabci na Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello, fuska mai inci 6 ko 7 za ta wahalar da idonki, domin rubutun ba ya sake jeruwa, sai kin yi ta ja da matsarwa, kowane motsi kuma yana cin caji. A nan ki tara kuɗi ki nemi mai inci 10, irin Kindle Scribe mai baƙi da fari. Ki turo mini sunayen littattafai biyar daga cikin waɗanda malaminki ya ba ki, in duba a wane tsari suke kafin ki aika da kuɗin.