Kofin 'yan sama jannati: abin ajiya ne kafin ya zama abin shan shayi

Masu tara kayan tarihin tafiye-tafiyen sararin samaniya sun saba da kofuna da gorunan ruwa masu siffar roka ko ta kumbon Apollo, waɗanda akasarinsu kofin da kowa ya sani ne aka yi wa ado. Wanda na saya wata uku da suka wuce daban yake, domin kwaikwayo ne, da tangaran, na kofin da 'yan sama jannati suka yi amfani da shi a Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, kuma babu wani lanƙwasa a jikinsa da aka yi don ƙawa kaɗai.

A wannan tasha, wadda ke kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 400 daga doron ƙasa, ruwa ba ya kwanciya a gindin kofi saboda komai yawo yake yi babu nauyi, shi ya sa ake zuƙar abin sha daga cikin leda ta wani ɗan bututu, ba tare da mutum ya ji ƙamshinsa ba. A shekarar 2008 Don Pettit, ɗan sama jannatin hukumar NASA ta Amurka, ya naɗe wani fallen roba ya haɗa kofi mai siririn lungu guda tun daga gindi har baki. Ruwa yana bin lungun ya hau da kansa, kusan yadda kananzir ke bin lagwanin fitila, ta yadda duk kurɓin da aka yi sai wani ya taso ya cike gurbinsa. Daga baya Mark Weislogel na jami'ar Portland State da ke jihar Oregon ya gyara fasalin tare da abokan aikinsa, kuma da irin wannan kofi ne 'yar Italiya Samantha Cristoforetti ta sha gahawa a tashar cikin watan Mayun 2015.

Idan aka leƙa shi ta sama, kamar ɗigon ruwa yake: gefe ɗaya mai faɗi da zagaye, ɗayan kuma ya tsuke har ya ƙare da ɗan baki mai kama da na buta. Tangaran ɗin yana da kauri da santsi, yana zama daram a kan tebur, kuma masu yinsa ba su cika shi da tambura da hotuna ba, abin da na yaba ƙwarai. Ranar da na fara zuba masa shayi na ɗaga shi kusa da taga, sai na ga shayin ya ɗan haura a cikin lungun fiye da sauran gefuna, hawan da bai kai faɗin ƙwayar shinkafa ba. A doron ƙasa iya abin da za a gani ke nan, domin nauyin ruwan ya rinjayi ƙarfin da ke jansa sama, amma wannan ɗan hawa ya ishe ni bayyana wa yaran gida yadda kofin ke aiki a can.

Wajen amfanin yau da kullum kuwa yana da matsala. Ba ya ɗaukar abin sha da yawa, kuma idan aka karkata shi da sauri shayin yakan taru a siririn bakin ya zubo gaba ɗaya, don haka mai shan abu da zafinsa ya yi a hankali. Wankinsa ma aiki ne, tunda soso ba ya shiga lungun. Madara ta taɓa bushewa a ciki sai da na sa buroshin haƙori kafin ta fita. Wanda na saya a wurinsa bai haɗo da takardar da ke ba da tarihin kofin ba, alhali kuwa tarihin shi ne dalilin sayensa, kuma kuɗin aikowa daga ƙasar waje ya kusa kai farashin kofin kansa.

Duk da haka ban yi da-na-sanin sayensa ba. Mai neman kofin karin kumallo ya nemi wani, amma mai tara kayan sararin samaniya zai fi amfana da wannan a kan kofi goma masu siffar roka. Nawa yana cikin kabad ɗin falo kusa da ɗan samfurin rokar Saturn V, ina sauko da shi ne idan baƙo ya tambayi dalilin da ya sa bakinsa ya tsuke.