Injin matse 'ya'yan itace: aikinsa ya yi, amma akwai magana

Ta fuskar aiki, injin nan bai ba ni kunya ba. Lemon Binuwai da maigidana yake kwasowa daga kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa a Kano, da abarba da kankana, duk yana tatse su tas cikin ƙiftawar ido. Ƙararsa tana da yawa, ba kuma kowane ƙaramin janareta ne yake ɗaukarsa ba. Wankin rariyarsa ne aiki, don in aka bari ta bushe sai an sa buroshi an kankare.

Abin da ya fi damuna yana cikin ɗan akwatin da ke bayansa, inda yake zubar da tuƙa. Wannan tuƙar da muke ba awaki ita ce take riƙe ciki, ita ce kuma take rage wa sukari gudu kafin ya shiga jini. Kofi ɗaya yana cin lemo uku zuwa huɗu, yana ɗauke da sukari fiye da giram 20. Wa zai zauna ya ɓare lemo huɗu ya cinye har da tuƙarsu, sannan ya nemi ƙari? Amma 'yata takan shanye kofin a tsaye, ta juyo ta ce, "Umma, a zuba mini shinkafa."

Akwai dalili. Kusan rabin zaƙin lemo wani nau'in sukari ne da ake kira furuktos, shi kuma hanyarsa a jiki daban da ta gulukos, wato sukarin da ke yawo a jini. Hanji da hanta ne suke sarrafa mafi yawansa. Ba ya tayar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, sosai, ba ya kuma kwantar da sinadarin girelin mai kawo yunwa kamar yadda gulukos yake yi, shi ya sa saƙon ƙoshi yake zuwa da rauni. In ya yi wa hanta yawa kullum, tana mayar da wani sashe kitse. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ta sa ruwan 'ya'yan itace a sahu ɗaya da sukarin shayi da zuma, ta ce an fi so babba kada ya wuce kusan giram 25 a rana, wato ƙaramin cokali shida. 'Ya'yan itacen da aka ci ɗungurungum ba sa cikin wannan lissafi.

Lokacin mangwaro abin ya fi ƙamari, don ya fi lemo zaƙi, ga araha. Masu ƙara dabino a ciki kuwa, su sani fiye da rabin nauyin busasshen dabino sukari ne.

Ga mai yawan baƙi, ko mai jinyar wanda ba ya iya tauna, injin ya ci kuɗinsa. Mai ciwon sukari ko mai neman rage ƙiba, ban ga amfaninsa gare shi ba. Wuƙa da faranti sun ishe shi. Nawa yanzu sai ranar Juma'a nake fito da shi, kofi kuma ƙarami, bayan an ci abinci.